Hannun da Ba Ya Sakin Gatari

Ranar da na cika shekara saba'in, 'yata Kirrily ta ɗauko ni a mota ta kai ni inda mutane ke jifa da gatari don nishaɗi. Ni Athol, da na shekara arba'in da biyar ina kayar da itatuwa a dazukan bayan garin Deloraine, na kuma ci kofin gasar sara har sau huɗu a bikin manoma, wai ni za a koya wa yadda ake wurgi da gatari.

Amma ba wannan ne ya hana ni sakewa a cikin motar ba. Hannuna na dama ne, wanda na cusa a aljihun rigar sanyi tun daga gida.

Ga yadda abin yake. Da mahaifiyarta ta rasu shekara uku da suka wuce, Kirrily ta kafe sai na bar gidana na kan tudu na koma ɗakin da ke bayan gidanta a birnin Launceston. Muka yi ta ja-in-ja har muka gaji, sannan muka ƙulla alkawari: muddin ina faskara itacen murhuna da hannuna, zan zauna a gidana. Ranar da na kasa, zan tattara in bi ta ba gardama. Ni na kawo shawarar da bakina, don a lokacin gani nake sai dai dutse ya riga ni gajiya. To, mako uku kafin wannan rana, ina tsaye a kicin da safe, kofin shayi ya sulale daga hannuna ya tarwatse a ƙasa. Ban sake shi ba. Yatsun ne suka buɗe da kansu. Tun daga ranar hannun yana ɗagawa, yana lanƙwasawa, amma in na ce ya riƙe abu sai ya riƙe kaɗan ya saki. Ban gaya wa kowa ba, wurin likita ma ban je ba. Itacen bara nake ƙonawa, ga watan Mayu ya raba, lokacin da hunturu ke shigowa a wajenmu, sanyi ya fara saukowa daga kan duwatsu.

"Baba, ka yi shiru," in ji Kirrily tana neman wurin ajiye mota. "Ko tsoro kake ji kar in ba ka kashi?"

"Ke? Tukin nan naki ne dai ya ɗauke min magana."

Wurin wani tsohon ɗakin ajiyar kaya ne, an raba shi layi-layi da ragar waya. A ƙarshen kowane layi an kafa katakai an zana da'irori a kansu, da jan ɗigo a tsakiya. Can gefe wasu ma'aikatan ofis suna ta ihu suna tafa hannu don ɗayansu ya samu katako. Tun daga ƙofa aka miƙo mana takarda mu cika. Na kauce wa biron da aka haɗo da ita, don ko shi ba ya zama a yatsuna.

"Na manta tabarau," na ce. "Cika min."

Kirrily ta karanta a fili: "Akwai wata lalura a hannu, kafaɗa ko baya?"

"Rubuta babu."

"Gwiwar taka fa?"

"Da gwiwa ake jifan? Rubuta babu."

Na ja wani karkataccen layi a wurin sa hannu, na yi maza na mayar da hannun aljihu.

Mai koyar da mu wata mata ce mai suna Marnie, za ta kai hamsin, damatsanta kamar na mai ɗaukar buhu. Ta miƙo min ɗan ƙaramin gatari, na karɓa da hagu. Na shafa bakinsa da babban yatsa, raina ya ɓaci. Gatarin gasata da ke kwance a akwatinsa a gida, gashin hannu yake askewa. Wannan kuwa ko man shanu sai ya yi gardama da shi.

"Wa ke wasa muku waɗannan? Makaho?"

Marnie ta yi dariya. "Kirrily ta ce min tsohon mai saran itace ne za ta kawo. Ku ne kuka fi ba ni wahala, Athol. Gara a kawo min wanda bai taɓa ganin gatari ba."

Ta nuna mana layin da za mu tsaya a kai. A riƙe ƙotar da hannu biyu, a kai ta bayan kai, a kawo gaba, in hannaye sun zo daidai ido a sake ta. Ba a buƙatar ƙarfi, ba a karya wuyan hannu. Gatarin zai juya sau ɗaya a iska ya kafe da kansa. Kuma ba mai zuwa ɗauko nasa sai na kusa da shi ya gama jifa.

Da na ji hannu biyu ne, na ɗan sami numfashi. Hagu za ta riƙe, dama ta ɗora a kai ta yi rakiya, ba wanda zai gane.

Kirrily ta fara. Na farko ya bugi katako da ƙeya ya faɗi, na biyu ya kafe a gefen da'ira. Ta yi tsalle kamar 'yar shekara takwas. Sai ni.

Na ɗaga, na kawo gaba, na ji ƙara. Gatarin ya sari daɓen roba taku uku a gabana, ya yi tsalle ya kwanta.

"Ka makara wajen saki," in ji Marnie. "Sake gwadawa."

Na sake, ya sake saran ƙasa. Na uku ma haka. Na huɗu ko barin hannuna bai yi ba, na tsinci kaina a sunkuye da shi tsakanin ƙafafuna kamar ina tsaye kan gungumen gasar sara. Kirrily ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Baba, katakon yana can gaba! Me ƙasa ta yi maka?"

Sabo turken wawa. Ina ɗan shekara goma sha biyu gatari ya taɓa suɓuce min ya wuce ta gefen ƙafar ƙanena. Mahaifina bai dake ni ba. Ya sa na riƙe ƙotar a tsaye tun daga hantsi har aka kira mu cin abincin rana, sannan ya ce, "Mai sara yana iya faɗuwa, yana iya suma, amma gatari ba ya barin hannunsa." Haka duk mutanenmu suka tashi. A wurin gasa, wanda gatarinsa ya tashi sama, har ya mutu da wannan za a riƙa tuna shi. Yanzu ga wata tana ce min in saki, hagu kuwa ta ƙi ji, don ita lafiyarta ƙalau kuma ba ta manta karatun mahaifina ba.

"Ku 'yan daji duk haka kuke," in ji Marnie. "Kuna shaƙe ƙota kamar za ta gudu. Mu canza. Jefa da hannu ɗaya. Wanne ne hannunka?"

"Dama," in ji Kirrily kafin in buɗe baki. "Da shi ya ci kofunansa duka."

Zufa ta karyo min a cikin wannan sanyi. In ce hagu, Kirrily ta san ƙarya ne, don ko cokali ban taɓa riƙewa da ita ba. In ce na gaji, ta san ban taɓa faɗin haka ba tun da ta zo duniya. In kuma na ɗaga da dama ya suɓuce a bayan kaina, to tana tsaye a bayana. Gaba kura, baya sayaki.

"Matsa gefe," na ce mata.

"Ina bayan layin da aka ce, Baba."

"Na ce matsa gefe! Kurma ce ke?"

Ta dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarta, ta matsa jikin raga. Ban ji daɗin tsawar ba, amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

Na fito da hannun daga aljihu. Na ɗora ƙotar a tafinsa, na naɗe yatsun a kanta ɗaya bayan ɗaya, ina yi kamar gyara riƙo nake. A raina ina roƙonsa: daure min na ƙiftawar ido, kar ka tona min asiri a gaban yarinyar nan. Na ɗaga shi gefen kunne. Ina jin yatsun suna sassautawa, ƙaramin ya riga ya tafi. Na kawo hannun gaba da sauri kafin sauran su bi shi.

Suka buɗe da kansu, yadda suka yi wa kofin shayi. Gatarin ya zame, ya juya sau ɗaya a iska, ya kafe a jan ɗigon da ke tsakiya.

Ma'aikatan ofis ɗin nan suka ɗauki ihu. Marnie ta daki cinyarta.

"Kai! Ka ga saki! Shekara shida ina wannan aiki, ban taɓa ganin ɗan daji ya saki ƙota da laushi haka ba. Sake!"

Ita ta ciro min shi. Na sake jefawa, ya kafe ɗan yatsa biyu daga tsakiya. Na uku ya koma cikin jan. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Wani daɗi ya taso min, irin wanda rabona da shi tun ina kan gungume ana kiran sunana a lasifika. Na ce a raina shi ke nan, na tsira. Wa zai dubi mutumin da ya kafa gatari sau uku ya ce hannunsa ya mutu? Zan koma gida, in lallaɓa da hagu in koyi faskare, kafin bazara wataƙila hannun ya dawo.

Na juya in yi wa Kirrily tsiya. Ita kam ba ta tafa min ba. Ta harɗe hannaye a ƙirji tana kallona, irin kallon da mahaifiyarta ke yi min in na ce gwangwanin giya ɗaya kawai na sha.

"Marnie, bar shi ya ciro da kansa," ta ce.

Taku goma sha biyu ne zuwa katakon, na ji su kamar hawan tudun gidana. Gatarin ya nutse sosai, don suna jiƙa katakon da ruwa ya yi laushi. Na kama ƙotar da dama, na ja. Hannun ya zame ya dawo wayam. Na sake kamawa, na matse haƙora, na ja. Ya sake zamewa. Na tsaya ina kallon jan ɗigon, bayana yana gare su. Daga ƙarshe na sa hagu na fizge shi.

Da na juyo, Marnie ta riga ta tafi layin ma'aikatan ofis tana gyara wa wani tsayuwa, alhali ba wanda ya kira ta. Allah ya saka mata.

Kirrily ta karɓi gatarin ta ajiye a kan gungumen da ake ajiye su.

"Shekarata talatin da takwas," ta ce a hankali, "ban taɓa ganin gatari ya bar hannunka da daɗin rai ba. Ba wanda zai koya maka wannan a minti goma. Tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Kin ga na ci ki ne kike neman..."

"Dunƙule hannunka, Baba."

Tana ƙarama muna da wani wasa. In na dawo daga daji nakan ɓoye alewa a tafin hannuna in dunƙule, in ce in ta buɗe tata ce. Takan rataya a hannun da dukan jikinta, ta ja, ta ciza, har sai ta fara kumbura baki sannan in buɗe mata da kaina. Ko da ta girma ta shiga jami'a takan gwada, ba ta taɓa ɗaga ko yatsa ɗaya ba.

Na dunƙule. Na tattaro duk ƙarfin da ya rage min na zuba a ciki.

Ta sa ɗan yatsanta guda, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko yi nishi ba. Shekara talatin tana neman ta ci ni a wannan wasa, ranar ta ci, kuma ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

"Mako uku," na ce.

"Mako uku kana can kan tudu kai kaɗai." Ba ta saki hannuna ba. "Daga nan asibiti za mu, kar ma ka buɗe baki. Itacen nawa ya rage?"

"Na kwana goma. Sha biyu in na yi tsimi."

Na jira ta tuna min alkawarin. Ba ta ambace shi ba, ta bar min shi in ɗauka da kaina, kuma wannan ya fi min nauyi. Na dubi tafin hannuna a buɗe a cikin nata.

"Ɗakin nan na bayan gidanki," na ce, "akwatin gatarina zai shiga ƙarƙashin gadon?"

"Na auna tun bara, Baba," in ji ta. "Zai shiga."