Kalmar da ta Kai Dinatu Augie

Ranar da aka tsare Job a Argungu, matarsa Dinatu ta komo Birnin Kebbi da kalma guda ta Turanci a bakinta, tana nanata ta cikin mota don kada ta kuɓuce mata. Job bakanike ne mai gyaran injin ban-ruwa, manoman fadama kuma Ayuba suke kiransa. Ya je Augie ne ya gyara wa wani manomin albasa mai suna Sunusi injinsa, wanda aka zura cikin rami saboda ruwa ya yi ƙasa. Bayan an tayar da injin, Sunusi ya sauka ramin, hayaƙi ya shaƙe shi, aka fito da shi babu rai. Kafin la'asar Job yana hannun 'yan sanda.

Dinatu ba ta shiga ɗakinta ba. Gidan da ke kallon nasu a unguwar Gesse ta nufa, wato gidan Alhaji Tamba, wanda ya yi aikin tafinta a kotu har ya ajiye. Ta same shi a tsakar gida bisa kujerarsa, matarsa Hajiya Balaraba tana tsintar shinkafa a gefe.

"Baba, homicide suka ce," in ji ta, bayan ta durƙusa ta gaishe shi. "Matan majami'armu sun ce shi ne murder. Sun ce rataye shi za a yi."

"Cikin matan majami'arku wace ce ta taɓa zama kotu? Zamna, ɗiyata." Ya gyara hularsa. "Mu kisa muke cewa, sannan mu ƙara bayani. Bature kuwa kowane kisa ya raɗa mashi suna. In mutum ya ƙudura niyya ya ɗauki rai, wannan murder ne. In babu niyyar kisa, sakaci ne ko an tunzura mutum, sai su ce manslaughter. Babban mutum in anka yi mashi kwanton ɓauna don siyasa, assassination. In hukuma ce ta zartar bayan shari'a, execution. Slaughter kuwa aikin mahauta ne..."

"Alhaji, yarinya na kuka kana ba da karatu," in ji Hajiya Balaraba. "Ka faɗa mata tata."

"Hajiya, alƙalai ma ba su katse ni ba."

"Su ba su aure ka ba."

Ya yi kamar bai ji ba. "Ita homicide, ɗiyata, iyakar abin da take cewa shi ne ana zaton rai ya salwanta ta hannun wani. Ba ta ce da niyya ba. Ba ta ma ce da laifi ba, shi ya sa dokarmu ta Arewa take ƙara mata culpable kafin ta zama tuhuma. Shaidu ne za su nuna inda maganar za ta faɗa. Wa ya ga abin?"

"Ƙanen mamacin yana wurin."

"Mi ya ce?"

"Bai ce komai ba, Baba. Ɗan sanda ya ce daga gidansu ko mutum ɗaya bai zo ba."

Alhaji Tamba ya dube ta. "Ke kin tahi gaisuwa?"

"Ni? Baba, ai jifana za su yi!"

Ba za a ga laifinta ba, domin duk wanda ya ba ta shawara a ranar cewa ya yi ta kulle ƙofa ta nemi lauya. Sai dai a ƙasar nan, tun kafin a gina kotun farko, wanda aka yi wa rasuwa ba ya tashi daga tabarma ya bi wani. Shi ake bi. Alhaji Tamba ya ba ta labarin wani mai kwalekwale daga Gulma da jirginsa ya kife da fasinja. Danginsa suka ɓuya don kunya, dangin mamacin suka ɗauki ɓuyan a matsayin raini, suka kame bakinsu, mutumin ya daɗe a tsare a kan abin da kowa ya san kogi ne ya yi.

"Lauya yana da ranarsa," in ji shi. "Gobe ranar gaisuwa ce, kuma tare za mu."

Da safe suka ɗauki hanya, suka ratsa Argungu ba su tsaya ba, ko da yake Dinatu ta yi ta waiwayen titin da ya nufi caji ofis. A Augie suka tarar da maza jere bisa tabarmi a ƙofar gida. Alhaji Tamba ya cire takalmi ya zauna cikinsu. Hajiya Balaraba ta gyara wa Dinatu mayafin da ta ara mata, ta riƙe hannunta suka shiga ciki.

Mahaifiyar Sunusi, wata tsohuwa da ake kira Inna Kulu, tana zaune jingine da bango, carbi a hannu. Duk kalmomin ta'aziyyar da aka koya wa Dinatu cikin mota suka gudu. Ta zube gabanta, abin da kawai ya fito shi ne, "Mama, ni ce matar Ayuba."



"Sai yanzu?" in ji Inna Kulu. Muryarta ta dushe, amma babu zafi cikinta. "Tun jiya nike tambaya, wai yaron ga ba shi da kowa? Matso nan. Ku ba ta ruwa." Sannan ta ɗaga murya: "A kira mani Musaddiq."

Musaddiq, ƙanen mamacin, ya zo ya tsaya bakin ƙofa, idanunsa jajur.

"Faɗa mata abin da ka faɗa mani."

"Ayuba ya hana shi sauka," in ji Musaddiq, kansa a ƙasa. "Ya ce a kashe injin a bari hayaƙi ya hita. Har rigarshi ya riƙe. Yaya ya ce albasa ba ta jira, tiyo kawai zai gyara. Da ya faɗi, Ayuba ne ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ya hiddo shi. Samari sunka taru ba su san komai ba, shi ne mai gari ya miƙa shi ga 'yan sanda kada a taɓa shi."

"To mi ya hana ka tahi ka faɗa masu?"

"Ina zaman makoki, Inna. Kuma da ba mu ga kowa nasu ba, munka ce ko sun ɗauke mu maƙiya ne."

"Ga ta nan ta zo. Ɗana ya tahi, ba ni so a riƙe ɗan wata a kanshi. Tashi ka bi su. Masu gaisuwa za su same ni."

A Argungu, jami'in da ke bincike ya saurari Musaddiq daga farko har ƙarshe, ya sa shi ya maimaita, ya rubuta. Ya ce bincike bai rufe ba, sai an ji daga mai gari da likita, amma zai ba da beli idan akwai mai tsaya wa. Alhaji Tamba ya miƙe tun kafin jami'in ya rufe baki.

Aka fito da Job, rigarsa har yanzu da busasshiyar lakar ramin. Dinatu ta yi taku ɗaya wajensa, sai ta ga ba ita yake kallo ba. Ya wuce ta, ya durƙusa gaban Musaddiq, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ya haƙuri?" in ji shi.

"Da godiya, Ayuba," in ji Musaddiq. "Tashi, matarka na jira."