Ranar da Fitsarin Maƙeri Ya Tsaya

Tun jiya fitsari ya ƙi fita wa Maƙeri, mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar dutse. Babban asibiti yana birni, hanyar kuma ruwa ya cinye ta. Dole ƙaninsa ya goya shi a babur zuwa ɗan asibitin garin, inda babu likita sai nas guda. Nas ɗin kuwa shi ne mutumin da ya saki 'yar Maƙeri bara.

"Sannu, Baba," in ji nas.

"Ban haife ka ba. Ina likita?"

Nas ya juyo da kwamfutar da ke kan tebur. Wata mata mai tabarau ta bayyana, ta ce ita ce likitar mafitsara, daga birni take magana. Ta shiga tambaya: kafin ya tsaya, fitsarin ɗiga yake ko da ƙarfi yake zuwa, ya taɓa ganin jini?

Maƙeri ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya ƙura wa bango ido, yana amsawa da ƙyar.

"Hanyar fitsarin ce ta toshe," in ji likitar. "Nas zai saka maka robar fitar da fitsari yanzu, ina kallo."

"Wannan? Gara in mutu."

"Ba yau za ka mutu ba, Baba," in ji nas yana sa safar hannu. "Ƙodarka ce za ta lalace, ka daɗe kana shan wuya. Ni ma ba don daɗi zan taɓa ka ba. Kwanta."

Maƙeri ya yunƙura zai fita, ciwon ya mayar da shi kan gado. Ya kwanta yana zagi ƙasa-ƙasa, yana jin muryar likitar tana cewa a bi a hankali. Can sai fitsari ya fara zuba cikin jakar roba. Sauƙin da ya ji sai da ya sa shi hawaye, ya ƙara jin haushi da wannan mutumin ya gani.

Likitar ta faɗi maganin da za a ba shi, ta ce ya dawo mako mai zuwa a cire robar.

"Wa zai cire?"

"Ni," in ji nas, bai ko ɗago kai ba.

Maƙeri ya tura jakar cikin riga, ya ture hannun da nas ya miƙo masa. A waje ya ce wa ƙaninsa, "Ka kuskura ka faɗa a gida wanda ya saka min wannan abu, ba ni ba kai."

Da mako ya zagayo ya dawo da ƙafarsa. Tsakaninsa da nas, ba wanda ya gaida wani.