Samfurin Ranar Ruwan Sama

Shekara shida ke nan rajistar tafkin tana cewa lafiya lau. Kowace Talata Kawu yakan ɗauki motar ofis ya je tafkin da mutanen gari ke iyo a ciki, ya tsotso lita arba'in ta cikin matata, ya sa matatar a cikin kula mai ƙanƙara, ya kawo ɗakin gwaji. A can ake neman wani bairas, ƙwayar cutar da ba ta fitowa sai daga hanjin mutum. In an same shi, ruwan masai ya shiga tafki ke nan, sai a rufe. Ba a taɓa samu ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayar dalili.

Auta 'yar ƙanwarsa ce. A gidansa ta tashi, shi ya kai takardunta ofishin da hannunsa, yanzu watanta biyar a ɗakin gwajin. An ba ta aikin da kowa ke gudu, wato kwafe tsohuwar rajistar zuwa kwamfuta. Kwanan wata, sa'a, wuri, yanayi. Sai da ta kai shafi na talatin ta lura a layin yanayi ba ta buga komai ba sai "rana" ko "gajimare". Damina shida, babu ranar ruwa ko ɗaya. Ta jawo kalanda ta duba. Da yawa daga cikin Talatun Kawu sun faɗo ranar Juma'a.

Ta same shi a sito yana wanke tiyo.

"Kawu, me ya sa kake ɗaga ranar ɗiba?"

"Ruwa mana. In aka yi ruwa tafki yakan dame da laka, matata ta toshe tun ba a kai lita goma ba. Sai in ba shi kwana uku ya kwanta. Je ki tambayi mai sito, duk ofishin nan ba wanda ya kai ni tattalin matata."

"To yaushe bututun masai na gari ke cika ya tumbatsa?"

Kawu ya ci gaba da naɗe tiyo a gwiwar hannunsa.

"Ba ranar ruwa ba ne, Kawu? Kafin kwana ukun nan ya wuce, abin ya tarwatse, ya kwanta, yara kuma sun riga sun sha."

"Ke tun kina rarrafe haka kike. A ce miki zauna, sai ki ce a kan me."

Saura wata huɗu Kawu ya yi ritaya. Shekara ashirin da takwas yana aiki ba a taɓa sa masa takardar tuhuma a fayil ba. Duk yaron da ya tashi a gidansa ya haddace wannan magana, don da ita yake buɗe faɗa, da ita yake rufewa.

Shugaban sashe ya saurari Auta yana juya cokali a kofi.

"Malama, sakamako mai kyau ake bincike? Wasu ofisoshin addu'a suke a ba su irin rajistarmu."

"Yallaɓai, ba mu taɓa duba ranar da ya kamata mu duba ba."

"Na ji. Amma in na ɗauki maganar nan a rubuce, dole in nemi bayani daga wanda ya ɗiba. Kawunki ne fa. Ki bari wata huɗu, ya tafi da mutuncinsa, mu gyara jadawali cikin ruwan sanyi. Kowa ya huta."

"Wata huɗun nan su ne damina, yallaɓai."

Shugaba ya duba agogo ya ce yana da taro.

Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Auta ta shiga sito ta ɗauko kula da injin tsotso, ta fito da su tana rangaji. Ba ta iya mota ba, don haka ta nufi ƙofa neman abin hawa. Kawu yana zaune a rumfar direbobi. Ya bar ta har ta kusa ƙofa.

"Injin nan kin taɓa tayar da shi?"

"Zan koya."

"Za ki ƙona shi dai. Kawo nan."

Ya loda kayan a motar ofis, suka tafi. A bakin tafki yara kusan ashirin suna fake a ƙarƙashin rumfa da gajerun wandunansu, suna jira ruwa ya ɗauke. Mai Usur, wanda ke tsaron masu iyo, ya taso da leda a kansa.

"A'a, Dattijo! Yau kai ne a cikin ruwa? Wa ya kore ka daga gida?"

"'Yar boko na kawo ta ga laka."

"Yaran nan suna yin zawo bayan ruwa?" in ji Auta.

"Sosai, har da jan ido. Iyayensu sun ce sanyi ne. Ni ma cikina yakan yi kiɗa, sai in ce tsufa."

Kawu ya hau gadar katako ya jefa tiyo. A lita tara matata ta toshe. Ya canza. Ta biyun ta kai sha ɗaya. Daga inda yake durƙushe ana hango kwalbatin da ke gefen hagu. A ranakun da ya saba zuwa busasshe yake, har ciyawa ta tsiro a bakinsa. Yau baƙin ruwa yake amayarwa, da kumfa da tsummokaran takarda, iska kuma tana kawo warin. Kawu ya daɗe yana kallo. Sai da matata huɗu suka tafi kafin a cika lita arba'in. Ya rubuta sunansa a kan kowace, a layin yanayi ya rubuta "ruwa".

"Kada ka bar su su shiga yau," ya ce wa Mai Usur.

"Da wace takarda?"

"Ka ce usur ɗinka ya ɓata."

Gwaji ya ɗauki kwana biyu. Bairas ɗin ya fito a duk matatun huɗu, ba kaɗan ba. Shugaba ya karanta, ya aika a kafa allo a rufe tafki, sannan ya turo wa Auta fom ɗin rahoto. A ƙasa akwai layi: me ya sa ba a gano a baya ba?

"Rubuta cewa sabon abu ne," in ji shi. "Wa ya san ranar da bututun ya fara tumbatsa?"

Ta zauna da fom ɗin har aka tashi aiki. In ta rubuta sabon abu ne, za a buɗe tafki bayan mako, a koma ɗiba ranar da rana ta fito. Ta rubuta abin da ke cikin rajista, da kwanakin da aka ɗaga, guda sittin da uku.

Ranar Litinin masinja ya kai wa Kawu takardar tuhuma cikin ambulan a rumfar direbobi. Da azahar ya shigo ɗakin gwaji, ya ajiye wata 'yar takarda a kan teburinta.

"Buga mini. Rubutuna ba ya karantuwa."

Layi biyu ne. Haka ne, na ɗaga ranakun. Na yi ne don kada matata ta toshe, ban san abin da nake ɓoyewa ba.

"Kawu, bari in ƙara cewa tsohon shugaba ya sani, har ya yaba maka."

"Ya rasu. Ki bar shi ya kwanta."

Ta buga kamar yadda ya rubuta. Ya karanta a tsaye, ya sa hannu, ya kai ofishin fayil da kansa. Akawu ya huda takardun biyu ya zura su a igiyar fayil ɗinsa. Da aka tashi, Auta ta fito ta tarar motar Kawu ba ta wurin da ta saba jiranta su koma gida.