Kalmar da Aka Daka a Turmi

Ku matso ku sha labarin Waliyyu na Danwarai, manomin albasa, wanda aka ce za a kai Sifen ya koyo yadda ake adana albasa ba ta ruɓe ba. Sharaɗi ɗaya ne: wata malama za ta kira shi a bidiyo, ya yi mata bayanin rumbunsa da Sifaniyanci.

Duk bayanin ya zauna masa, sai kalma guda, almacenaríamos, wato "da mun adana". Da ya kamo kanta sai wutsiyar ta kuɓuce.

Kakarsa Gudiya na daka gero, ta gaji da ji.

"Kai mijin banza, mi kake taunawa haka tun safe kamar akuya ta samu leda?"

"Tsohuwa, wannan ya fi ƙarfin mai haƙori biyu."

"Kawo shi nan. Abin da ya ƙi tauna, turmi aka kai shi."

Ta miƙa masa taɓarya, ta ce kowace gaɓa bugu ɗaya. Al, tim. Ma, tim. Wajen "ce" ya sa harshe tsakanin haƙora, yadda wayarsa ta koya masa. Na, tim. A kan "rí" ake ɗaga murya, don haka a nan zai cilla taɓarya sama ya tafa, irin na 'yan mata masu lugude, ya cafe, sannan a, mos. Ƙato da gemunsa ya yi ta daka har matan maƙwabta na leƙe ta katanga. Kalma kuwa ta zauna daram. Gudiya ma ta huta da surfe.

Ranar kira ya sha babbar riga, ya tsaya tsakar gida da waya a hannu, ya fara yi wa malamar bayani. Yana isowa wurin kalmar, sai ta maƙale. Gudiya ta janyo turmi, tim, tim. Sai ga ta tana fitowa: al, ma, ce, na. Da ya kai "rí", hannu ya yi abin da ya saba. Ya cilla waya sama, ya tafa.

Bai cafe ba. Ta faɗa cikin turmi.

Gudiya ta tsaya da taɓarya a sama. Daga cikin gero dariyar mace ke tashi, har da tari.

"Maigida, tambaye ta. Ta ɗauke ka, ko in sauke?"

Waliyyu ya leƙa turmi, ya saurara, ya ɗago yana share gumi.

"Ta ce in zo. Wai har da turmin."

"Turmina? Ko Jega bai taɓa zuwa ba. Sai dai ka tafi da taɓarya."