Zanen Girkin Inna

Daren jiya dai na yi mafarki, karo na farko tun rasuwar Inna. Kowa a gidanmu ya gan ta a mafarki cikin fararen kaya, ni kaɗai ne shiru, har haushi nake ji in suna ba da labari. Barci ne ya ƙaurace mini bayan rasuwar, abokina Tanko ya kawo mini man wiwi ina ɗigawa a shayi. Barcin ya zo, amma baƙi ƙirin kamar an kifa mini tukunya. Makon jiya na daina.

Na tsinci kaina a wata tashar mota da rana tsaka. Ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, kowa ya taka lemarsa ya tsaya. Motoci na nan ajiye, titi ne ke tafiya.

'Yan kamashon tashar awaki biyu ne, ja da fara. Suka ce daga ganye ɗaya suka fito, ganyen wiwi.

"Ni ce mai bugarwa," in ji jar. "Nakan kwantar da mutum da wuri, amma mafarkinsa ne abincina."

Farar ta ce, "Ni hankali kawai nake kwantarwa, shi ma ba na kowa ba. Har yanzu likitoci gardama suke a kaina."

Na ce, "Akwai wadda ta neme ni?"

"Kullum sai ta zo, ni nake cinye motar," in ji jar, ko kunya babu.

Sai ga ni a tsakar gidanmu. Inna na zaune kusa da turmi, ɗaure da tsohon zanen girkinta mai ƙunar nan a gefe.

"Inna, ina fararen kayan? Yaya Delu ta ce da su ta gan ki."

"Su ai leƙa su kawai na yi, Sallau. Kai kuwa girki na zo yi maka. Dubi yadda ka rame."

Ta juye barcina a turmi, ta ɗauki taɓarya. "Da tsakuwa a ciki. Za ka yi kwana biyu bai yi laushi ba, ka yi haƙuri da shi, kada ka ɗiga masa komai."

Daɗi ya kama ni har na zubar da hawaye, suka bi ruwan suka yi sama.

Dakan bai tsaya ba ko da na buɗe ido. Maƙwabciyarmu ce ke dakan fura. Kwalbar Tanko na kan taga da sauran rabi. Na bar ta nan na fita neman Yaya Delu, don yau ni ke da labari.