Sanda ta Takwas

Idon Alhaji Badamasi ba ya kuskure. Shekara talatin da ɗaya yana dillancin shanu a kasuwannin Borgou, bai taɓa ɗora bijimi a sikeli ba, bai taɓa ƙirga garke da baki ba. Kallo ɗaya yake yi, ya faɗi nauyi, ya faɗi adadi, magana ta ƙare. Shi ya sa da aka kafa ƙungiyar ƙwallon Ostireliya a Zongon Parakou ba a yi zaɓen shugaba ba. An dai waiwaya an kalle shi.

A safiyar Lahadin nan idon yana kan Habou mahauci. Alhaji ya tsayar da shi a gaban teburin Djibril mai shayi, ya matsa masa kafaɗa, ya daddaki ƙirjinsa, ya zagaya ya duba ƙwaurinsa.

"Ku dubi wuya," in ji shi. "Wannan in ya tsaya, Djougou gaba ɗaya ta tsaya."

Mansour yana ƙarshen benci, shayinsa ya huce. Ɗan zem ne, mai ɗaukar fasinja a babur, siriri, shekararsa talatin da huɗu. Yana wasan nan tun ranar da Nouhou, ɗan ƙanen Alhaji da ke aiki a wata mayanka a Ostireliya, ya aiko da ƙwallo biyu masu siffar ƙwai da riguna ashirin da biyu marasa hannu. Ƙwallo ɗaya ta tafi wurin surukin Alhaji a Djougou, aka sami abokan hamayya, ana karawa sau ɗaya a shekara. Riguna huɗu sun tafi wurin manya, don ba a raba kaya a tsallake manya. Saura goma sha takwas, daidai adadin da wasan ke buƙata.

An gama da sunaye goma sha bakwai. Riga ɗaya ta rage a kan tebur, kusa da burodi, mai lamba tara. Shekara uku Mansour ke sa ta. Shi ya wanke ta jiya.

"Alhaji, a yi mini haƙuri," in ji Djibril, yana fifita gawayi. "Habou sau nawa ya zo atisaye?"

"Sau biyu," Habou ya amsa da kansa. "Na biyun ma ruwa aka yi."

Malam Sabiou ya gyara tabarau. Tsohon malamin makaranta ne, shi kaɗai ya karanta dokokin wasan, a wata takarda ta Faransanci da ya ɗinke da zare, saboda haka shi ne magatakarda kuma shi ne alƙalin wasa.

"Wasan nan na kamu ne, Alhaji. Wanda ya cafke ƙwallo a sama kafin ta taɓa ƙasa, bugu nasa ne, ba mai taɓa shi. Bara Mansour ya cafke goma sha ɗaya. Na rubuta."

"Bara an ci mu."

"Da maki uku kacal."

"An ci mu," in ji Alhaji.

Magoya baya suka shigo maganar. Wani ya ɗaga salula yana nuna bidiyon Turawan can, ya ce a duba, duk ƙatti ne, ba mai kama da tsinken tsire a cikinsu. Wani ya ce Turawan can madara suke sha da bokiti, ba a kwatanta su da mutanen garin rogo. Wani ya ce Mansour in iska ta taso sai an ɗaure shi a jikin babur. Djibril ya ce shi kuma Habou in ya faɗi sai an kira kamiyo, babbar motar kaya. Aka yi dariya, har da Habou. Rabin masu gardamar ba su san inda ake cin maki ba, amma wannan bai taɓa hana kowa ra'ayi ba.

Mansour ya kurɓi shayinsa da ya huce. Matarsa Murja tana gidan mahaifinta a Partago, kusa da Djougou, wata biyar ke nan, tare da 'yarsu Bashira. Ta tafi ne wata Alhamis da ya ajiye babur ya je atisaye, ya dawo da fasasshen leɓe maimakon cefane. Abin da ta ce a bakin ƙofa shi ne ya nuna mata mutum ɗaya mai hankali da ya san wasan nan. Makon jiya ya aika mata ta hannun yayanta Iliassou cewa ranar Lahadi za a buga a Djougou, ta zo ta ga abin da yake yi da idonta, sannan ta yanke hukunci. Ranar Alhamis saƙon murya ya shigo. Daƙiƙa uku ne. "Zan zo in gani."

A bencin, Djibril kaɗai ya san wannan. Ya ajiye mafici.

"Alhaji, akwai kuma maganar iyalinsa, da..."

Mansour ya girgiza masa kai. Djibril ya koma kan gawayinsa.

Alhaji ya ɗauki rigar, ya ɗora a tafin Habou, ya buga nasa tafin a kai.

"Na sallama."

A kasuwar shanu, in aka buga hannu aka faɗi wannan, ko uban mai sa bai isa ya warware ba. Kowa a bencin ya san haka, don rabinsu a kasuwar suka girma. Malam Sabiou ya rubuta sunan Habou. Rigar ta ƙi wuce cibiyarsa, sai ya zaro wuƙarsa ta aiki ya tsarge ta a gefe biyu, tsaf, kamar mai fiɗa.

Mansour ya kalli inda wuƙar ta bi. Ya jira ya ji wani abu. Bai ji ba.

"Kai ma za ka zo, ɗana," in ji Alhaji. "Ƙungiya ai ba 'yan wasa kaɗai ba ce."

Yarjejeniyar ita ce Djougou ta ba da fili da abinci, Parakou ta zo da sanduna, tunda ita ke da waɗanda aka shafa wa farin fenti. Kowane gefen fili sanda huɗu ne, dogaye biyu a tsakiya, gajeru biyu a gefensu. Ana loda su a kamiyon shanun Alhaji, Malam Sabiou ya ɗaga yatsa ya fara ƙirge.

"Un, deux..."

Alhaji ya sauke masa hannu.

"Malam, ba a ƙirga abu ana shirin tafiya. Sun cika."

Mansour ne ya ɗaure su. Bakwai ya gani. Bai ga dalilin buɗe baki ba. Sai bayan mako biyu aka gano ta takwas ɗin tana riƙe da rumfar wata mai waina a unguwar Banikanni.

An wanke kamiyon, amma wankan da shanu ba za su yi ƙorafi a kai ba. Fiye da awa biyu suna tsaye suna riƙe da ƙarfe, gonakin kashu na wucewa. Gardamar da aka sallama ta ci gaba a hanya, sai dai yanzu duk masu cewa Mansour da safe sun fara ganin hikimar Habou. Mansour ya ciro salula, ya kalli saƙon, ya mayar aljihu. Zai iya kira ya ce kada ta zo. Bai kira ba. Ba don yana da wani shiri ba.

Filin wata makarantar firamare ne a bayan gari. Mutanen Djougou sun zana shi da toka, zagayayye kamar ƙwai. Aka ci tuwo, aka yi la'asar, aka fara kafa sanduna. A rami na takwas aka tsaya.

Kyaftin ɗin Djougou ya ce ba su yi atisayen shekara guda don su buga wa rami ba. Aka kawo taɓarya, ta yi gajarta. Aka kawo karan dawa, iska ta kwantar da shi. Rana tana ta yin ƙasa. Babu wanda ya tambayi wa ya ce sun cika. Idon Alhaji ya zaga filin a hankali, ya wuce bishiyar mangwaro, ya wuce masu kallo, ya tsaya.

"Ɗana, zo nan. Miƙe sosai."

Ya dube shi daga sama har ƙasa, yadda ya dubi Habou da safe.

"Ya yi daidai."

Aka ara wa Mansour farar jallabiyar Malam Sabiou don ya yi kama da 'yan'uwansa. Mutanen Djougou suka ce tsayin bai cika ba, sai aka daidaita cewa duk lokacin da ƙwallo ta matso zai ɗaga hannu biyu sama ya haɗe su. Malam Sabiou ya tsaya gabansa, ya yi bayani ba tare da ya kalli idonsa ba.

"Ka san doka. Tsakanin dogaye biyu maki shida. Tsakaninka da doguwar nan maki ɗaya. In ta taɓa ka, babu komai. Sanda ba ta motsi, ba ta kamu, ba ta goyon bayan kowa."

"Na sani, Malam."

"Ni na rubuta goma sha ɗayan nan," in ji Malam Sabiou, ya busa usur.

A zangon farko Habou ya kayar da mutum uku, biyu na Djougou. Alhaji, wanda ya ɗora rigar ƙungiya a kan kaftaninsa, ya waiwaya ya dubi magoya baya, suka gyaɗa kai. Ƙwallaye suna tashi sama suna faɗowa inda Mansour ya saba tsayawa, suna samun ƙasa, suna tsalle inda suka ga dama. Yana ganin kowace tun daga ƙafar mai bugu. Ya san inda za ta sauka. Sanin ba shi da amfani, amma bai san yadda ake kashe shi ba.

A zango na biyu babur ɗin Iliassou ya tsaya a gindin mangwaron. Murja ta sauka, ta gyara mayafi, ta fara duba 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Daga inda yake, Mansour yana ganin idonta yana bin su. Idon ya tsaya a kan lamba tara, da tumbin da ya leƙo ta ƙarƙashinta. Ta sake farawa daga farko. Sai Iliassou ya taɓa ta, ya nuna mata ƙarshen fili.

Hannuwan Mansour suna sama a lokacin, amma ba don ita ba. Ƙwallo ce ta matso.

Ba ta tafi ba. Wata mata ta matsa mata a benci, ta zauna. Ba ta ƙara kallon wasan ba, ƙarshen filin kawai take kallo.

Zuwa zango na uku Habou ya dafa gwiwoyi yana numfashi da baki. A na huɗu, Parakou na kai hari gefen Mansour, maki talatin da ɗaya kowa. Malam Sabiou ya duba agogo, ya sa usur a baki. Ƙwallon ta yi tsallenta na banza, ta wuce mutum huɗu, ta faɗa hannun Habou, wanda bai neme ta ba. Ya rufe ido ya buga. Ta karkace ta bar dogayen, ta nufo sanda ta takwas.

Mansour ya ɗaga hannu ya haɗe. Ya gan ta tana juyawa a sama. Rabin taki zuwa waje, ta wuce tsakaninsa da doguwar, maki ɗaya, Parakou ta ci. Toka ta riga ta goge, babu mai iya rantsewa.

"Kauce, Mansour," Djibril yana ihu daga gefe. "Kauce mana!"

Ba gaskiya ce ta riƙe shi ba. Shi dai bai ji ƙafafunsa suna da wurin zuwa ba. Ƙwallon ta sauko daidai kan hannuwansa, yadda ta saba. Yatsunsa suka so buɗewa. Ya bar su a haɗe. Ta daki su ta faɗi waje.

Usur ya tashi. Canjaras.

Mutanen Djougou suka yi ta murna kamar sun ci. Na Parakou suka taru a kan Alhaji, shi kuma ya jira suka yi shiru.

"Kun ga dalili," in ji shi. "Tun safe na gani. Yaron ba ya motsi."

Aka yarda. Djibril ma ya ce rabin taki dai ba ya kashe mutum.

Murja ta tsallako filin a hankali, tana kauce wa tokar.

"Sannu da aiki, Baban Bashira."

"Sannu da zuwa. Yaya Bashira?"

"Lafiya lau. Ta ce in gaya mata ko ka ci."

"Ki ce mata an yi canjaras."

"To." Ta dube shi, ta dubi doguwar sandar da ke gefensa. "Ka sauke hannunka, an tashi."

Ya sauke. Kafaɗunsa sun yi tsami. Ta miƙa masa ruwan leda, ya karɓa, bai fasa ba.

"Na ce zan zo in gani," in ji ta. "Na gani."

"Yaushe za ki..."

"Yaya Iliassou na jira."

Iliassou ya ɗaga masa hannu daga nesa, cikin ladabi, yadda ake gaida mai zaman makoki. Babur ɗin ya hau hanyar Partago.

'Yan wasa sun gaji, sai Mansour ya tuge sandunan shi kaɗai, ya kai su kamiyo, ya ɗaure. Babu wanda ya tambayi jallabiyar. Ya hau, ya miƙe a ƙasan motar kusa da su, ya ɗora ruwan ledar a ƙirji.

Alhaji ya zo wucewa zuwa gaban mota. Ya leƙa baya, kallo ɗaya.

"Sun cika," in ji shi. "Mu tafi."