Hotuna Goma Sha Huɗu na Baba Kimaro

Shekarata shida ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon suga na asibitinmu da ke Moshi kafin Dakta Mshana ta ɗauke ni in taya ta bincikenta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke ba jiki umarnin girma. Idan ƙari ya fito mata, sai babban mutum ya ci gaba da girma ta hannu da ƙafa da haɓa, a hankali, ba tare da ya sani ba. Abin da Dakta ke son ganowa shi ne shekara nawa mutanenmu ke yi da wannan ciwo kafin wani ya lura.

Baba Elisante Kimaro ya sauko daga Marangu, a jikin dutsen Kilimanjaro, wata Talata don karɓar maganin suga. Manomin kofi ne, ɗan shekara hamsin da takwas. Da ya miƙa wa Dakta hannu su gaisa, sai ta riƙe ba ta saki ba. Ta juya shi, ta danna tafin da yatsa.

"Dakta, matata na waje fa," in ji shi, "kuma ba ta da haƙuri."

Ta yi dariya. "Baba, lamba nawa kuke sawa a takalmi?"

"Da can arba'in da ɗaya. Yanzu ko arba'in da biyar sai an yi dambe. Takalman zamani ne, duk sun tsuke."

"Hula fa?"

"Ita ma ta tsuke." Ya dube ta. "Ke, wa ya gaya miki?"

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton cikin kansa. Bayan mako biyu ya dawo tare da matarsa, Mama Ndekusara, gajeruwa mai saurin magana. Dakta ta nuna musu ƙarin a hoto, ya kai girman ɗan goro. Ta ce ba daji ba ne, amma shi ya jawo sugan da hawan jinin da ciwon kan da yake fama da su. Ni kuma na karanta masa takardar shiga bincike, layi-layi.

"In na ƙi fa, Sista Aikande?" ya tambaye ni.

"Magani dai za a yi muku, Baba, ko kun shiga ko ba ku shiga ba."

"To tunda ba dole, na shiga."

Sai Dakta ta nemi tsofaffin hotunansa, domin da su muke gane lokacin da fuska ta fara sauyawa. Ya ce shi ba mutumin hoto ba ne, daga na aure sai na katin zaɓe.

"Ji shi!" in ji Mama Ndekusara. "Baban Eliaichi, duk Kirsimeti ba a jera ku mawaƙan coci a ɗauka ba? Kai ne ma kullum ke ture mutane ka tsaya kusa da fasto."

"Ni ba na turewa. Matsa mini ake yi."

Ranar Juma'a ta dawo da su a cikin zani, hotuna goma sha huɗu da ta sa fasto ya sauke daga bangon ofishinsa. Muka jera su a kan tebur, shekara bayan shekara. A na farko ga wani mutum siriri mai ɗan tsinin hanci a sahun gaba. Dakta ta bi su da fensir. A na huɗu hancin ya fara faɗi. A na shida haɓa ta turo gaba, haƙora sun soma rabuwa. A na bakwai kuma ya koma sahun baya.

"Nan ne shugaban mawaƙa ya mayar da ni cikin masu kaurin murya," in ji Baba Kimaro. "Na yi wata guda ba na gaishe shi. Ashe bawan Allah gaskiyarsa ce."

Dakta ta rubuta a takarda: shekara goma sha ɗaya.

Mama Ndekusara ta ɗauki hoton farko da na ƙarshe, ta riƙe su tare, ta daɗe tana kallo. Da ta yi magana, muryarta a ƙasa take.

"Kullum ina zuba masa abinci, ina kallon fuskar nan. Yaya aka yi ban gani ba?"

"Mama," in ji Dakta, "mutum ashirin da huɗu ke cikin binciken nan, babu ko ɗaya da na gidansa suka gane. Wanda ke ganin mutum kullum ba ya gani. Sai baƙo, ko wanda ya daɗe bai zo ba."

"Ƙanwata da ke Tanga ta taɓa faɗa. Na ce baƙin ciki take yi, mijina ya yi ƙiba."

"To ai kin kare ni," in ji mijin. Ya ɗora babban hannunsa a kafaɗarta, ta ture shi tana share ido da bakin zani.

Maganar tiyata ce ta ɗan ɗauki lokaci. Dakta ta ce a Darussalam za a yi, ta hanci za a bi, ba za a buɗe kai ba. Ya ce sai bayan tsinkar kofi. Ba ta yi musu da shi ba. Ta zaunar da shi, ta ce ya kafa ido a hancinta, ni kuma na riƙa shigo da jan murfin biro daga gefe. Sai da murfin ya kusa zuwa gabansa ya ce ya gani. Ta bayyana masa cewa ƙarin na danne jijiyar gani, kuma abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba.

"Shi ya sa kake taka kaji," in ji Mama Ndekusara. "Za mu tsinke kofin ni da 'yarmu Eliaichi da mijinta. Kai dama rabin 'ya'yan kake zubarwa da yatsun nan."

Cikin watan Agusta suka hau bas. Bayan kwana tara suka dawo. Na gan shi a mako na shida, kumburin hannu ya sauka, gumin da ke jiƙa masa riga ya tsaya, ciwon kai ya tafi, sugan ma ya yi sauƙi. Ƙashi kuwa Dakta ta gaya masa ba ya komawa. An bar ɗan guntun ƙarin da ke manne da jijiyar jini, saboda haka duk wata shida zai zo a auna. Akwai kuma ƙwayar da zai riƙa sha kullum, domin 'yan tsokokin da ke saman ƙoda sun daina samun umarni daga sama yadda ya kamata. Na rubuta masa kati, na ce duk ranar da zazzaɓi ya kama shi ya ninka ta, kada kuma ya bari ta yanke.

Mun ɗauka shi ke nan sai ranar awo. Amma bayan wata ɗaya sai ga shi da wani ƙaton mahauci daga Himo, yana janye da shi kamar mai jan sa.

"Sista, ga wani na samo muku. Dubi hannu."

Dakta ta duba mahaucin tsaf, aka gwada jini. Lafiyarsa lau, haka ubansa da kakansa suke. Mahaucin ya fita yana ƙorafin an hana shi kasuwa. Bayan mako uku Baba Kimaro ya kawo wani direban babbar mota, shi ma ƙiba ce kawai.

"Baba," na ce, "a haka za ku kwashe mana duk ƙattan Kilimanjaro."

"Ku dai ku auna. Ni nawa kawowa."

Ta uku mace ce, Mankaa Urio, mai sayar da ayaba a kasuwar Mwika. Ya ce mako biyu yana sayen ayaba a wurinta, shi da gonarsa ke cike da ita, amma bai sami bakin yi mata magana ba, domin ba a tarar mace a ce mata fuskarki ta sauya. Daga ƙarshe Mama Ndekusara ya tura. Mankaa ta shigo a tsorace, ta ɓoye hannuwanta a cikin mayafi. Shekararta talatin da huɗu, aurenta shekara bakwai babu haihuwa, al'ada kuma ta ɗauke mata tun bara waccan.

Gwajin ya nuna tana da shi. Nata ƙarami ne, bai taɓa jijiyar gani ba, irin wanda likitocin tiyata ke iya cirewa gaba ɗaya. Ita ce ta ashirin da biyar a littafinmu.

Lokacin da nake karanta mata takardar shiga bincike, Baba Kimaro da matarsa na zaune a kan benci a waje da kular faten ayaba da nama, suna jiran ta fito su ci tare kafin su kama hanyar dutse. Da na kai wurin sa hannu, Mankaa ta leƙa ta taga.

"Sista, tiyatar nan da zafi?"

Na ce ta tambayi wanda aka yi wa. Ta ajiye biron ta fita wurinsu, na zuba shayi na jira. Sun fi rabin awa suna magana kafin ta dawo ta sa hannu.